Rigar Majami'a da Malfar Baffa Jodi

Tun da na dawo daga ƙasar Binin ba a bar ni na huta ba. A famfo tambaya, a kasuwa tambaya, ranar Lahadi ma ana fitowa daga sujada 'yan mawaƙa suka zagaye ni: "Rifkatu, yaya can? Da gaske suna zagin mu? Da gaske ana kama mutane a hanya?" Na gaji da maimaitawa, kuma duk wadda na ba labarin sai ta je ta ƙara masa gishiri. To ga shi nan a rubuce. Wanda ya sake tambayata, wannan zan miƙa masa.

Da farko ku sani ba shan iska na je ba. Baffa Jodi na raka. Wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan da ke zama a bencin ƙarshe na majami'armu ta nan Gaya, kusa da ƙofa, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Shi kaɗai ne Bafulatani a cikinmu. Yanar ido ta rufe masa idanu biyu, har ya kai ba ya bambance saniya da rumbu. Aka ji labarin likitan ido a wani asibitin mishan can gaba da Kandi, ikilisiya ta haɗa guzuri, sai aka shiga neman mai jin Faransanci wanda ba shi da aikin yi. Ni tun da karatuna ya tsaya a jarrabawar birbe ina zaune gida, ba a ma yi dogon tunani ba aka ce ni.

Abin da kowa ya sani amma ba a faɗa da ƙarfi shi ne, tun da 'yan bindiga suka shiga dajin can, Bafulatani ba ya tafiya a hanyar nan da kwanciyar hankali. Ana sauke su daga mota. Wasu suna dawowa, wasu har yau danginsu na jira. Matarsa Goggo Dije, wadda ita Musulma ce kuma ba ta taɓa taka majami'a ba, ta zo gidanmu da ƙwaryar nono ana gobe za mu tashi. Ba ta zauna ba. Ta kama hannuna ta ce, "Ku kuka ɗauke shi daga masallaci, ban ce komai ba. Yanzu kada ku bar min shi a hannun masu kaki. Idon ko ya buɗe ko bai buɗe ba, ki dawo min da mutumin." Na ce to.

Zumuntar mata kuwa sun riga sun samo dabara. Mama Tabita, shugabarsu, ta ɗauko ragowar atamfar da muka yi anko da ita a Ista, ruwan ɗorawa shar, da gicciye da kurciyoyi da aya da Faransanci, ta kai wa tela ya ɗinka wa Baffa riga. Wai duk ɗan sandan da ya ga wannan ya san ba ɗan daji ba ne. Suka tuɓe masa riga mai shuɗi suka zura masa wannan, suka cire masa malfa suka cusa a jakata. Ya shafa ƙirjinsa ya ce, "Wane launi ne?" Mama Tabita ta ce, "Mai kyau ne, Baffa." Da suka kai hannu ga sandar ce ya ce a'a, wannan kam sai dai a fasa tafiyar.

A gida ma an ba ni nawa guzurin. Yayana Yohanna, wanda ba ya fashin taron goyon bayan sojoji, ya ce, "In sun tambaye ki, ki gaya musu mun kori Faransa kuma ba mu yi nadama ba." Baba ya ce, "In sun tambaye ki, ki rufe bakin nan naki. Mu an umarce mu mu yi wa masu mulki addu'a, ba a ce sai wanda muke so ba, ba a kuma ce mu yi musu kirari ba." Ni dai abin da na sani a siyasar nan shi ne tun da aka tare gada da kontena maganin hawan jinin mahaifiyata ya yi wuyar samu.

Da sassafe muka sauka bakin gulbi. Gadar na nan tsaye kamar ba a taɓa bi ta kanta ba, duk duniya ta koma cikin jirage: buhuna, babura, awaki, mata da goyo. Na shigar da Baffa da ƙyar, jirgin na rawa, ni kuma ban iya ruwa ba. Muna zama sai na ji murya a bayana: "Kai, Jodi! Yau kuma allon talla ka zama?" Hajiya Balki ce ta unguwarmu, mai fataucin albasa. Ta ƙare wa rigar kallo ta kwashe da dariya, ta juyo gare ni: "Gida za ku ke nan. Ai ku Kirista da Faransa uwa ɗaya uba ɗaya."

Na ce, "Hajiya, albasarki ma can take zuwa duk mako, ita ma ta yi baftisma ne?"

Ta ce, "Ji bakin yarinya! Wa zai aure ki da wannan harshe?"

Baffa kuwa hannunsa kawai yake kaiwa kansa yana neman malfar da babu.

Malanbil, garin da ke tsallaken gulbin, ba wani baƙon wuri ba ne. Yaren Dendin da ake yi a kasuwarmu shi ake yi, fuskokin ma su ne. Abin da ya fara ba ni mamaki mata ne a kan babura, manya-manya da wando, an ɗaura tulin kaya a baya, suna danna wa maza oda su ba da hanya. Na ce a raina, nan kam da an haife ni da na ji daɗi. A tasha aka cusa mu cikin wata tsohuwar mota, Hajiya Balki a gaba don ta biya kujera biyu, ni da Baffa a tsakiya. Kusa da mu wani mutum da kwat da Littafi Mai Tsarki a cinya, ɗan kudu. Da ya ga rigar ya washe baki ya miƙo hannu yana "ɗan'uwa, ɗan'uwa". Da ya ɗaga ido ya ga fuskar mai rigar, dogon hanci da tsagen kumatu, sai hannun ya koma inda ya fito. Ya juyo gare ni da Faransanci ya ce daga ina. Na ce Gaya. Ya ce, "Ah, ƙasar sojoji. Ku kuka rufe gada, ku kuke kukan yunwa." Na tuna Baba na haɗiye. Ya ci gaba, wai Kirista na ƙwarai ba zai zauna ƙarƙashin mulkin bindiga ya yi shiru ba. Na kira shi Mushe, wato malam da Faransanci, na ce, "Ka san gida nawa ne mu Kirista a unguwarmu? In mun yi magana a ce 'yan Faransa ne, in mun yi shiru ku ce 'yan soji ne. Ka zo ka zauna wata guda tukuna." Daga nan bai ƙara kula ni ba.

Bariyar masu kaki, wato shingen bincike, ta farko da ta biyu muka wuce, aka duba katin shaida aka miƙo mana. Har na fara cewa Mama Tabita ta yi gaskiya. A ta uku aka ce kowa ya fito. Wani mai kaki, saurayi, idanunsa jajaye kamar bai yi barci ba, ya bi mu ɗaya-ɗaya har ya iso kan Baffa ya tsaya. Ya dubi fuskar, ya dubi rigar, ya sake duban fuskar. Ya kama wuyan rigar da yatsa biyu.

"Wa ya ba ka wannan?"

Na ce, "Tasa ce. Kirista ne, asibiti za mu."

"Ba ke na tambaya ba. Bafulatani da gicciye? Sabuwa ful, ko wanki ba a yi mata ba. Ina tasa rigar? Ina hularsa?"

Ya sa aka zazzage jakata, malfar ta faɗo ƙasa. Ya ɗaga ta ya nuna wa abokansa kamar ya kama bindiga. Wallahi a lokacin na gane abin da muka yi. Da mun bar shi da shuɗinsa da malfarsa, tsohon makiyayi ne makaho. Mu da hannunmu muka mayar da shi mai ɓad da kama.

Suka ce shi ya zauna gindin bishiya, sauranmu mu shiga mota mu tafi. A gindin bishiyar akwai wasu Fulani biyu a zaune, ba takalma a ƙafarsu. Na nuna takardar asibiti, ba wanda ya kalla. Na yi Faransanci, na yi Dendi, na yi kuka. Na juya ga mai kwat na ce, "Mushe, kai ɗan ƙasa ne, kai Kirista ne, ka ce wani abu." Ya ce shi bai san mutumin ba, kuma yana da taro a Parakou. Direba ya tayar da mota. Baffa ya ce a hankali, "'Yata, ki shiga ki tafi. Ki ce wa Dije..." Na ce, "Ba abin da zan ce wa Dije. Ka yi shiru."

Sai na ji an buga ƙofar gaba. Hajiya Balki ta sauko, ta gyara mayafi, ta tako kamar za ta karɓi bashi. Ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, da Dendi ta buɗe wuta. "Kai yaro, wannan kake cewa ɗan daji? Arnen nan tun ina amarya yake kawo mana nono. Ranar da ya bar salla duk unguwa mun yi masa faɗa, 'yan'uwansa sun kwashe shanunsu sun bar shi, bai koma ba. In ƙarya ce wa zai yi asarar garke don riga? Dube shi, ko hannunka ba ya gani!" Ta wuce ta zauna a kan buhu tsakiyar hanya ta ce direba ya sauke mata albasarta duka, ita ba ta tafiya. Kuma kusan duk kayan da ke saman motar nata ne. Direba ya kashe mota ya fara roƙo. Motocin baya suka fara oda. Wani babban mai kaki ya fito daga rumfa, ya saurara, ya kaɗa yatsu gaban idon Baffa, Baffa bai ƙifta ba. Ya miƙo min malfar ya ce mu ɓace masa da gani.

A mota na ce, "Hajiya, na gode." Ta ce, "Ba don ku na yi ba. Dije ƙawata ce." Fulanin nan biyu kuwa muka bar su a gindin bishiya. Su ba su da Hajiya Balki. Har yau ina ganin ƙafafunsu.

A Kandi muka rabu da ita, muka ci abinci a wata rumfa kafin mu canja mota. Sakwara ce, ana dakanta a gabanka mata uku a turmi ɗaya, da miyar gyaɗa mai barkonon da ya sa na yi hawaye, da wagashi soyayye, cukun nan na nono mai jan baya. Mutanen teburin kusa suna ta hira a kan Fulani, wai duk bakinsu ɗaya da 'yan daji, suna yi suna tura wagashi a baki. Na so in tambaye su wa ya tatso nonon. Baffa ya taka min ƙafa. Makaho ne amma ya san lokacin da zan buɗe baki.

Masaukinmu wani dogon ɗaki ne a bayan asibitin, na masu jinya, kowa da tabarmarsa da murhunsa a waje. Wata mata 'yar kabilar Bariba ta ba ni aron tukunya. Gaisuwarsu sai an durƙusa ana ta amsawa ƙasa-ƙasa kamar ba za a gama ba, ni da ban da haƙuri har gwiwata ta yi ciwo. An duba Baffa aka ce sai bayan Lahadi za a yi aikin, ido ɗaya tukuna.

Ranar Lahadi muka tafi majami'ar garin. Ban taɓa ganin irinta ba: ganguna, ƙaho, mata ba ɗankwali, kuɗin baiko ma da rawa ake kai shi gaba layi-layi. Mu da muke rera waƙa a hankali don kada maƙwabta su ce mun dame su, sai na ji kishi. Amma a ƙofa akwai samari masu duba jaka saboda tsoron hari. Ni suka bar ni. Baffa suka ce ya ajiye sanda. Ya ce idonsa ce. Suka yi shawara suka ajiye masa kujera a waje, gefen taga, wai daga nan ma ana ji. Ya ce in shiga, ba komai.

Wa'azin kuwa a kan wariyar launin fata ne. Faston matashi ne, ya iya magana. Ya kawo yadda ake kwashe baƙaƙe a ƙasashen Larabawa a zubar cikin hamada, yadda Turawa ke yi wa 'yan ƙwallonmu kukan biri, ya ce dukanmu cikin siffar Allah aka yi mu, a cikin Almasihu babu bare. Jama'a na ta amin, wasu na share hawaye. Ni kuwa ta taga ina hango ƙeyar Baffa cikin rana, ba malfa. Aka zo gabatar da baƙi, aka miƙo min makirfo in faɗi sunana da garinmu. Na ce, "Sunana Rifkatu, daga Gaya. Mu biyu muka zo. Ɗayan yana waje don shi Bafulatani ne. Na ga kuna jin haushin Turawa sosai, shi ya sa na ce bari in gaya muku."

Wata a bayana ta ce 'yan Nijar ba su da kunya. Faston ya sauko da kansa ya fita, ya shigo da Baffa riƙe da hannu, sanda da komai, ya zaunar da shi a gaba. Amma bayan an tashi ya kira ni gefe ya ce, "'Yar'uwa, abin da kika faɗa gaskiya ne. Sai dai yaran nan na ƙofa, ɗaya daga cikinsu an kashe masa uba a gona bara. Ba ƙiyayya kaɗai ba ce, tsoro ne." Na ce, "Mu ma tsoron ne ya sa muka sa masa rigar nan." Ban san wanda ya ci gardamar ba. Baffa dai ya yi min faɗa a hanya, wai na sa an kalle shi kamar ɗan maraƙi a kasuwa.

Aikin bai daɗe ba. Washegari da safe aka cire bandeji ina tsaye, na riga na saƙa a raina cewa bayan duk wannan wahala idon ba zai buɗe ba. Ya ƙifta, ya ƙifta, ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Ke ce Rifkatu? Ashe 'yar mitsitsiya ce, muryar ce babba." Sannan ya sunkuya ya ga ƙirjinsa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wannan kuka sa min? Haka na ratsa ƙasar mutane kamar kanti?" Ya yi dariya har ma'aikaciyar ta ce ya bari kada ɗinkin ya motsa. Da ya gama ya miƙo hannu: "Ba ni malfata."

Na ce, "Baffa, sai mun wuce bariyar."

Ya ce, "Da ba na gani kun yi yadda kuke so. Ba ni."

Haka muka kamo hanyar gida, malfa a ka, baƙin tabarau na asibiti a ido, kurciyoyi a ƙirji. Duk bariyar da muka tunkara sai na riƙe hannun Baffa. A ta ukun nan na leƙa gindin bishiya, ba kowa, kuma wasu masu kakin ne daban. Suka dube shi, suka dubi filastar da ke idonsa, suka bar mu. Ban tambayi inda mutanen nan biyu suke ba. Na so in tambaya, na kasa.

A bakin gulbi ta wajen Malanbil wani sabon tsoro ya taso min. A gefenmu ana tsananta wa masu dawowa daga Binin, ana neman 'yan leƙen asiri, ga shi kuma mutum da rubutun Faransanci a ƙirji baro-baro. Na ciro shuɗiyar rigarsa daga ƙasan jaka na ce, "Baffa, canja. Ta yi aikinta, can gaba matsala za ta jawo."

Ya ce, "Da za mu tafi kun ce in ɓoye Fulatancina in tsira. Yanzu za mu koma kin ce in ɓoye Almasihu in tsira. To a wane gefen gulbin ne zan zama ni duka?"

Na ce, "Ni dai alkawari na yi wa Goggo."

Ya ce, "Mutumin ta ce ki dawo da shi. To ga mutumin." Ya taka ya shiga jirgi da ƙafarsa, ba wanda ya riƙe masa sanda.

Duk tsallakawar nan addu'a nake yi, ba mai tsari ba, "Yesu, Yesu" kawai. Shi kuwa yana ta nuna min abubuwa kamar yaro, ga balbela, ga masunta, ga gada. Muna sauka wani soja ya tare mu, ya karɓi katunanmu, ya bi Baffa da kallo daga malfa har takalmi. Ya ce, "Tsoho, kai Bafulatani ne ko Kirista?"

Baffa ya ce, "Duka biyun, ɗana. Wanne ake nema yau?"

Sojan ya juya katin, ya sake juya shi. Kafin ya yi magana sai ga Goggo Dije ta ratso layi, ashe tun da aka ce muna hanya take zuwa bakin gulbi kullum. Ba ta ko kalli sojan ba. Ta tsaya gaban mijinta ta ɗaga yatsu ta ce, "Nawa?"

Ya ce, "Uku. Kuma kin tsufa, Dije."

Sojan ya yi dariya duk da ba ya so, ya miƙo katunan ya ce mu wuce. Ni kuwa na zauna a kan buhun wani na fashe da kuka. Goggo ta dafa kaina ta ce, "Kin dawo da shi." Sannan ta kama hannun rigar da yatsa biyu ta ce, "Amma wannan abin, in mun je gida zai cire."

Bai cire ba. Wanda ya zo sujada Lahadin da ta wuce ya gan shi da ita a bencin ƙarshe, malfar a kan gwiwarsa.